A Raminmu Ba Wanda Ya Mutu a Littafi

Akokan, Arlit

Zuwa ga ƴata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ƴarsa. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya tsare ki a Yamai daga sharrin da ido ke gani da wanda ba ya gani, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki. Mamanki tana gaishe ki. Labarin gida kuwa kina samunsa a salula kullum, ba zan ɓata takarda a kansa ba.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne maganar da kika yi da mamanki. Ta ce kin ce mata in ban faɗa miki abin da likitan Agadas ya gani a ƙirjina ba, za ki tattara kayanki ki hau mota ki dawo, karatun adabin ya san inda dare ya yi masa. Na san halinki, za ki aikata. Ranar da na raka ki tasha kin tambaye ni, na ce mura ce ta kwana biyu, har na ƙara da yadda likitan ya yaba ƙarfina. Kika dube ni, kika shiga mota. Ƙarya na yi miki, kin kuma gane. Zan faɗa miki abin da ya ce a cikin takardar nan, ba ragi. Amma ki bar ni in bi ta hanyata, domin ƙaryar nan ba a tasha aka haife ta ba. Ta girme ki, kuma daga cikin littattafan nan da kika tafi karantawa ta fito. Ki karanta har ƙarshe kafin ki taɓa jakarki.

Kin taso kin tarar ana kirana Mai Littafi, kina zaton da son karatu aka haife ni. Ko kusa. Na zo Arlit daga Damagaram ina saurayi, da ɗan Faransancin makarantar da ban ƙarasa ba, aka ɗauke ni aikin ramin ma'adini. A lokacin kamfani yana da ɗakin littattafai a unguwar ma'aikata, kuma a duk garin nan shi kaɗai ne wurin da talaka zai shiga ya sha sanyin na'ura ba a tambaye shi me ya kawo shi ba. Sanyin nan ne ya kai ni. Dattijuwar da ke kula da ɗakin ta ce ba a zama hannu rabbana, sai da littafi. Na duba na ɗauko wanda ya fi kowanne kauri, don ina ganin shi zai fi daɗewa yana ba ni izinin zama.

Daga baya na gane ana iya aro a fita da shi. Sai na riƙa yawo da shi a hammata, sunan marubucin yana waje don masu wucewa su gani. Na haddace sunayen manyan marubuta tuli, na Rasha, na Faransa, na Ingila, har da na tsofaffin Girkawa, ina jefa su cikin hira a fada wajen shan shayi. Ko ɗaya ban karanta ba. A haka na fara zuwa zance wajen mamanki. Wata rana na zauna ina jera mata sunaye, ta saurara har na gaji, sannan ta nuna littafin da baki, ta ce da Hausarta ta Tawa: “To mi ke cikinai?”

Na ce babban littafi ne, duk duniya ta san shi.

Ta ce: “Na ji. Mi ke cikinai?”

Na shiga juya littafin a hannuna. Ta ce ashe ni ma sanyi na je sha. Kunyar ranar nan ce ta sa na buɗe shafin farko, ba son ilimi ba.

To ga shawarata ta farko. A jami'a za ki haɗu da masu irin halina na da, wasu ma da manyan takardu a bango. Za su jefo miki sunan wanda ya mutu tun zamanin da, da na wanda aka ba kyauta bara, da na Japan, da na Kudancin Amurka, da namu na Afirka, don su ga kin tsorata. Kada ki tsorata, kada kuma ki koyi sana'ar. Ki yi musu tambayar mamanki. Ke ma kada ki yabi littafin da ba ki kai ƙarshensa ba. In wanda duniya ta yaba ya gundure ki, ki faɗa ba kunya, ki ajiye shi, ki sake ɗauka bayan wasu shekaru. Akwai waɗanda na jefar ina saurayi, sai da na binne mahaifiyata, mai sunanki, na gane abin da suke nufi.

Da karatun ya kama ni sai ya zo da nasa ciwon. Na koma ɗan kallo. Kin tuna lokacin da aka fara kawo mutanen da aka koro daga Aljeriya, waɗanda suka biyo ta Asamaka, garin kan iyaka, ana sauke su a gari leɓɓansu duk sun tsage? Wata rana da hantsi muna tsaye a ƙofar gida ni da mamanki, suna wucewa, na shiga bayyana mata cewa wannan daidai yake da wani babi da na karanta, yadda marubucin ya siffanta masu gudun hijira. Ta shiga ciki ta fito da bidon ruwa, jarka cike, ta dangwara mini a ƙafa, ta ce in na gama babin in ɗauka. Na ɗauka. Ki riƙe wannan ma: in littafi ya sa kin gane wahalar mutum, aikinsa ya yi. Sauran aikin na hannunki ne.

Yanzu in zo kan babban kuskuren.

Aikin rami yana da wani jira da mutanen sama ba su sani ba. In an ɗana nakiya za a fasa dutse, sai a kwashe mu duka zuwa wani ɗaki da aka sassaƙa a jikin dutsen, mai ƙofar ƙarfe, mu zauna har hayaƙi da ƙura su fita, shef, shugaban aikinmu, ya ce a koma. Ba rediyo, ba taba, ba shayi. Sai fitilun da ke goshin hulunanmu da fuskokin juna da muka gaji da gani. A cikinmu akwai Aghali, wanda kika sani da Baba Aghali, Ba'abzinen nan na Gugaram da fari ya cinye masa dabbobi ya dawo tuƙin injin kwasar dutse. Kin san Hausarsa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Shi ne wata rana ya ce: “Mai Littafi, kai kullum kana ɗauke da kaya. Ka sauke mana mu gani.”

Daga ranar, duk jiran nakiya nawa ne. Abin da na karanta a gida da Faransanci, shi zan juyar musu da Hausa a rami. Mutanen Maraɗi, na Damagaram, na Tawa, Abzinawa, Fulani, kowa ya yi tsit. Har faɗa ake yi in an canja wa mutum zuwa wani rukunin aiki ana tsakiyar labari.

Amma rami yana da doka guda da ba a rubuta ta ko'ina ba: ba a ambaton mutuwa a ƙarƙashin ƙasa. In an yi wa mutum rasuwa, sai an fito sama ake yi masa gaisuwa. In bakin wani ya suɓuce, sai ka ji a'uzubillahi ta ko'ina, a yini ana hararar sa. Kada ki yi mana dariya. In dutse mai nauyin gari yana bisa kanki, ke ma za ki zaɓi kalmominki.

Manyan marubutan duniya kuwa, Uwani, kin riga kin sani, mahauta ne. Su sa ki bi mutum shafi bayan shafi, ki san abincinsa da sunan ƙanwarsa, sannan a ƙarshe su kwantar da shi. Ban lura da wannan matsala ba sai a littafin farko da na ba su. Labarin wani soja ne na wata ƙasar sanyi. An sallame shi daga yaƙi, yana komawa gida a ƙafa, yana jan goɗiyar maƙwabcinsa da ya yi alkawarin mayar masa da ita. Ba ya hawanta don ta rame. Abincinsa ma raba shi yake da ita. Aghali bai damu da sojan ba ko kaɗan, kullum tambayarsa ɗaya: “Goɗiya ya ci?” A littafin, sojan ya faɗi cikin ƙanƙara yana hangen hayaƙin ƙauyensu, bai tashi ba. Goɗiyar ce ta ƙarasa ita kaɗai, ta tsaya a ƙofar mai ita.

Ranar da muka iso wurin, na dubi fuskokin nan a hasken fitila, na ji ƙarar nakiya tana bin dutse, sai na ce sojan ya miƙe. Na ce wata tsohuwa ta tsince shi ta ba shi kunu mai zafi, ya shiga ƙauye yana jan goɗiya, aka yi kiɗa. Ɗaki ya ɗauki tafi. Aghali ya ce: “Goɗiya ya sha ruwa?” Na ce ta sha har ta ƙoshi.

Shi ke nan, na sami sana'a. Wanda aka rataye na tsinke masa igiya. Wanda ya nutse na aika masa masunta. Sarkin da aka kashe na mayar da shi gudun hijira, ya dawo da tsufa ya yafe wa kowa. Masoyan da marubuci ya raba da kabari, ni na ɗaura musu aure, har da raɗin suna. Shekara da shekaru muna haka. Duk littattafan duniya da suka shiga raminmu, ba wanda ya mutu a cikinsu.

Ba na nadamar kiyaye dokar rami. Kuskurena shi ne ban taɓa gyarawa a sama ba. Kullum muna fitowa mu shiga motar ma'aikata, rana tana dukanmu, ba dutse bisa kai, ba doka. Da na juya na ce, jama'a, gaskiyar ƙarshen ga ta, da ba wanda zai hana ni. Ban yi ba, don tafin yana yi mini daɗi. Na kuma cuci marubutan. Mutumin nan bai kashe sojansa don mugunta ba. Duk littafin an gina shi ne don isowar goɗiyar ita kaɗai, don a ga cewa mai alkawari yana iya faɗuwa a hanya alkawarin ya isa. Ni na zubar da wannan na ba su kunu.

Saboda haka, in wata rana kika zauna juyar da littafin wani zuwa Hausa, da baki ko a rubuce, ki sani amana ce a hannunki. Mai shi ba ya nan, wataƙila ya daɗe a kabari, ba zai iya cewa ba haka na faɗa ba. In wurin bai dace da gaskiya ba, ki ce ba a nan ba, a jira. Jira daban, canjawa daban.

Abin bai tsaya a rami ba, ya biyo ni gida, kuma ke ce kika fara biyan kuɗinsa da mutuncinki. Tun kina ƙarama nake ba ki labarin littattafan nan a tabarma bayan la'asar, da irin ƙarshen da na saba. Da kika shiga lise, babbar sakandare, malamin Faransanci ya ba ku wani littafi ku karanta ku taƙaita. Ke kuwa kin san shi tun kina wasan ƙasa, Baba ya ba ki, me za ki karanta? Kika rubuta cewa an yi biki an zauna lafiya. Malamin ya ɗaga takardarki ya karanta wa aji. Na tuna yadda kika shigo gida, kika yar da jaka a tsakar gida, kika ce: “Baba, ashe mutuwa ya yi!”

Ni kuma na yi dariya. Wannan ma kuskure ne, yau nake ba ki haƙuri a kansa, don yarinyar da aji ya yi wa dariya ba ta bukatar ta iso gida ta tarar da wata. Kika daina yi mini magana kwana da kwanaki. Sannan kika jawo akwatin littattafaina kika shiga bin su ɗaya bayan ɗaya, kina farawa daga shafin ƙarshe, kina fitowa kina tsare ni: wannan ma ka canja, wannan ma. Da kika gama kama ni sai kika koma kika karanta su daga farko. Haka kika zama abin da kika zama. Lokacin da kika ci bak, jarrabawar gama sakandare, kawunki ya dage sai dai ki karanci ilimin duwatsu, ko Allah zai sa a buɗe ma'adinin Imuraren ki samu aiki. Na tsaya na ce adabi za ki yi, muka yi wata da watanni ba ma gaisawa sosai da shi. Ban tsaya miki don ki dawo bayan ƴan makonni ki zauna kina ƙirga tarina ba.

Shawarar nan kin riga kin koye ta da hawaye, tuni kawai nake yi: kada ki karɓi littafi daga bakin kowa. Ko babban malami ne, ko taƙaitawar da ake samu a salula, ko ubanki.

Saura maganar Aghali. Wannan ban taɓa ba ki ita ba, kina shirin jarrabawa a lokacin.

Bayan an rufe raminmu ya koma wajen Gugaram da ƴan awakinsa. Ba a daɗe ba tari ya kama shi, ƴaƴansa suka dawo da shi Arlit don kusa da asibiti. Na je duba shi wata rana bayan azahar. Ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Kowa a gidan magana ɗaya yake yi masa: ka ji sauƙi, fuskarka ta yi kyau yau, bana za ka ga damina a daji. Mu tsofaffin rami ma in mun je haka muke cewa. Ya sa aka fita aka bar mu, ya ce in haɗa shayi. Ina cikin fifita gawayi ya ce:

“Ilu, yanzu muna sama. Soja ya kai gida?”

Na ce ya kai mana, ka manta tsohuwar da kunu? Na shiga ba shi, har ina ƙara abin da ban faɗa a rami ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na riƙe masa kofin ruwa. Da ya samu numfashi ya ce:

“Tun ranar na sani. In kana bin littafi kana tuntuɓe. Kana tsayawa, kana cewa yaya ake faɗin wannan da Hausa. In ka kama naka, bakinka yana gudu kamar mota ya samu hanya mai kyau. Duk shekarun nan ina jin wurin da kake sauka daga littafi.”

Na ce to me ya hana ka faɗa?

Ya ce: “A ƙasa muke. Ka yi daidai. Yanzu ina so in ji.”

Na fahimci abin da yake nema, Uwani, kada ki ce ban fahimta ba. Ba sojan ne ya dame shi ba. Mutum ɗaya yake nema da zai ambaci abin a gabansa, don shi ma ya samu bakin cewa ƴaƴansa su mayar da shi Gugaram ya cika cikin danginsa. Ba zai iya farawa ba alhali kowa yana ce masa ya warke. Ya zaɓe ni don ni ne na karanta mutuwar mutane da yawa. Na buɗe baki, na dubi ƙasusuwan hannunsa, sai na ji ina cewa: ka bari ka ƙara jin ƙarfi, zan zo da littafin kansa in karanta maka.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya fuska wajen bango ya ce: “To, Mai Littafi. Har yanzu kana rami.”

Na sa ranar komawa na ɗaga, na sake sawa na ɗaga. Ranar da na ɗauki littafin na tafi, na tarar da tabarmi a ƙofar gida. A nan Arlit aka binne shi, garin da bai taɓa kira gida ba, don ba wanda ya yarda ya ce lokaci ya yi. Wannan abu yana cina har yau. Na yi kewarsa, kuma ina jin kunyarsa ko da ba ya nan.

In akwai abin da manyan littattafan nan ke koyarwa wanda ya fi sunaye da jarrabawa, shi ne yadda mutum zai zauna a ɗaki har ƙarshe in ƙarshen ba mai daɗi ba ne, bai gudu ba, bai yi wa mai ciwo ƙarya ba. Na karanta su cike da akwati ban koya ba. Ke ki koya. In ƙawarki ta kawo miki mummunan labarinta, kada ki yi saurin ba ta kunu.

A tasha ke ma abin da Aghali ya ji shi kika ji. Bakina ya yi gudu. To ga maganar likita, yadda ya faɗa.

Ya ɗauki hoton ƙirjina ya nuna mini. Ya ce ƙurar dutse ce ta shekaru ta zauna a huhu, wurin ya taurare. Ba ya warkewa. Na sake tambaya, ya sake cewa ba ya warkewa. Maganin da ya ba ni na rage wahala ne da hana wani ciwo ya hau kai. Numfashi zai riƙa raguwa a hankali. Yanzu ina zuwa masallaci da ƙafata, in na tsaya sau ɗaya a hanya. Wata rana zan tsaya sau biyu, wata rana a kai ni. Na tambaye shi lokaci, ya ce a ganinsa ba maganar yau ko gobe ba ce, yana iya zama shekaru, amma ba zai yi mini alkawarin adadinsu ba, sanin wannan na Allah ne. Irin ciwon Aghali ne. Ina jin tsoro, musamman in tari ya tashe ni na rasa iska. Shi ke nan, ban rage komai ba. Kin ga wuraren da na soke na sake rubutawa a shafin nan. Na bar su haka don ki san a kan littafi nake.

Yanzu ki saurare ni. Kin ce in ban faɗa ba za ki dawo. Na faɗa, saboda haka ki zauna. In kin dawo ba ki da iskar da za ki ƙara mini. Mamanki tana nan, ita ke ba ni magani tana yi mini faɗa, duka biyun a kan lokaci. Mun yi magana da ita: ranar da ta ga ya kamata ki zo, za ta kira ki ta ce ki zo, ba za ta jira izinina ba. Kin san ta, a rayuwarta ba ta taɓa gyara ƙarshen komai ba. In kuma kin kira ni kin ji bakina yana gudu, ki kashe ki kira ta. Na ba ki wannan izini. Ba zan yi miki abin da aka yi wa Aghali ba, ba zan kuma bari ki zo ki tarar da tabarmi ba, in Allah Ya yarda.

Abu ɗaya ya rage in gaya miki. Jumma'ar da ta wuce bayan sallah na je fada, inda sauran tsofaffin rami ke zama. Mun ragu. Na ce musu ina da gyara a kan labarin soja da goɗiya. Na ba su shi yadda yake, ina tuntuɓe, ina tsayawa neman numfashi da neman kalma. Na ce ya faɗi yana hangen hayaƙin ƙauyensu, bai tashi ba. Ba wanda ya tafa. Shayi ya huce a kofuna. Can sai Malam Habu, mutumin Maraɗin nan da ke gyara mana fitilu a da, ya ce: “Goɗiyar fa?”

Na ce ta kai, ita kaɗai.

Ya gyaɗa kai ya ce: “To ai ya kai ke nan.”

Sun ce in babban hutu ya zo ki zo ki zauna da su, ki ba su sauran. Akwai sarakuna da masoya da yawa da suke bin mu gaskiya, ni kuma numfashina ba zai ɗauki dogon labari ba. Ki karanta da kyau, don tsofaffin nan suna da tambaya.

Ban sani ba ko zan ga ranar da za ki gama, Uwani. Ina roƙon Allah in gani. In ban gani ba, ba dalili ba ne na tsayawa a hanya. Na jawo ki iyakar inda ƙafata ta kai, kuma daga nan ana hangen hayaƙi. Ke dai ki kai.

Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya buɗe miki abin da kika je nema, Ya sa ki fi ubanki ƙarfin zuciya. Allah Ya jiƙan Aghali, Ya sa ya huta. Ki ci abinci, ki riƙe sallah, ki mayar da jakar nan ƙarƙashin gado.

Wassalam.

Babanki,
Ilu Mai Littafi